Cutar da Ba a San Sanadinta Ba: Asalin Kalmar “Idiyofatik” da Nauyinta a Arewacin Zamfara

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun kalmar da likitoci ke liƙa wa cutar da aka bincika ba a gano sanadinta ba, wato idiyofatik, daga Girkancin Jalinusu zuwa katin asibiti na yau. Ta nuna yadda ma'anar kalmar ta juya a hanya, da yadda wasu cututtuka suka kuɓuce mata wasu kuma suka ƙi. Sannan ta auna ta da abin da ya faru a Anka da Bukkuyum a 2010, da Zurmi a 2016, da Isa da Shinkafi a 2024. Matsayin maƙalar shi ne cewa kalmar tana da sharaɗi, sharaɗin kuwa bincike ne, kuma a yankinmu sau da yawa ba a cika shi kafin a ce “ba a san sanadi ba”.

Gabatarwa



Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ƙasar Hausa ya san wannan magana: “Ciwon nan ba na asibiti ba ne.” Ba daga bakin likita take fitowa ba. Kawu ne ko gwaggo ke faɗinta a ƙofar ɗakin marasa lafiya, bayan likita ya juya takardun gwaji ya ce bai ga komai ba. Magidancin da ya ɗauko ɗansa daga wani ƙauye a bayan Kasuwar Daji ya kai shi Ƙauran Namoda, aka tura shi Gusau, a Gusau aka ce sai Sakkwato, kuɗin hatsin da ya sayar kuma suka ƙare a mota da kanti, ba sai an maimaita masa ba. Zai naɗe tabarma ya koma gida a nemi na gargajiya.

Abin da likitan ya rubuta a kati kuwa, wani lokaci kalma ɗaya ce tak: idiyofatik. Abin da take nufi a littafi daban, abin da mai rubuta ta yake nufi daban, abin da mai jinya ya ji kuma daban. A wannan tazara ake rasa marasa lafiya.

Asalin kalmar

Kalmar Girkanci ce mai tushe biyu: idiyos, abin da yake na mutum shi kaɗai, da fatos, ciwo ko abin da ya auka wa mutum. In an haɗa su sai a sami “ciwo na ƙashin kansa”. Babu ɗuriyar rashin sani a ginin kalmar. Daga baya aka ɗora mata shi.

Wanda ya ba ta matsayi a likitanci shi ne Jalinusu, likitan da aka haifa a Fergamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekara ta 129 Miladiyya. Tambayar da ta dame shi ita ce: idan wata gaɓa ta nuna alamar ciwo, a cikinta ciwon yake, ko kuwa taya wata gaɓar take yi? Sai ya raba biyu. Ciwon da ke zaune a gaɓar kanta ya kira shi idiyofatiya. Wanda ya zo mata daga wata gaɓar ya kira shi simfatiya, wato ciwon tarayya. Misalinsa mafi shahara farfaɗiya ce. Ya ce akwai wadda ke tasowa daga ƙwaƙwalwa kai tsaye, akwai wadda ke tasowa daga bakin tumbi ta hau kai, akwai kuma wadda ke farowa daga wata gaɓa can nesa, kamar yaron da ya riƙa jin wani abu na tasowa daga ƙafarsa yana hawa sama kafin ya faɗi. Ke nan idan Jalinusu ya ce farfaɗiya idiyofatik ce, iƙirarin sani yake yi: na san inda take, a nan za a sa magani.

Wannan rabo ya shiga Larabci ta hannun Hunainu ɗan Ishaƙ da almajiransa, waɗanda suka fassara littattafan Jalinusu a Bagadaza a ƙarni na 9. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bi shi a cikin Alƙanun: akwai ciwon da ya keɓanta da gaɓa, akwai wanda ya same ta ta hanyar tarayya. Ta hanyar Larabci likitancin littafi ya iso ƙasarmu, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan cututtuka da magungunansu, tun kafin a kafa asibitin Bature ko ɗaya a Arewa.

Kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 17 da ma'anarta ta Jalinusu. Ƙarni na 19 ne ya karkatar da ita. Likitocin Turai suka dage da buɗe gawa da duba nama a madubin ƙara girma. A 1880 Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin wani soja a Aljeriya; a 1882 Koch ya nuna ƙwayar tarin fuka. Duk cutar da aka gano mata ƙwaya ko ƙari ko guba sai a cire ta daga jerin masu “zaman kansu” a mayar da ita ƙarƙashin sanadinta. Abin da ya saura a jerin shi ne abin da ya gagara. Haka kalmar da aka ƙirƙira don nuna sani ta koma sunan ragowa. Larabcin likitanci na yau bai yi kwana-kwana ba, majhulus sababi yake cewa. A ganina ya fi Girkancin gaskiya, don mai jinya zai iya fahimtarsa.

Tana da 'yan'uwa. Akwai kiriftojenik, “mai ɓoyayyen asali”, wadda ake amfani da ita idan ana kyautata zaton akwai sanadi amma ya ɓuya. Akwai wadda ake liƙa wa hawan jini, mai ma'anar “na asali”: kusan tara cikin goma na masu hawan jini ba a iya nuna abu ɗaya a ce shi ya jawo musu. Na kawo hawan jini da gangan, don yana rushe zaton da ya fi yi mana ɓarna, wato cewa ciwon da ba a san sanadinsa ba ba shi da magani a asibiti. Miliyoyin mutane na shan ƙwaya ɗaya ko biyu kullum suna noma suna kasuwa.

Waɗanda suka kuɓuta da waɗanda suka ƙi

Dabbar tsintuwa a kasuwa ba a ce ba ta da mai ita. Ɗaure ta ake yi a yi ta cigiya. Haka ya kamata a ɗauki wannan kalma, kuma tarihi ya nuna cigiyar tana biya.

A 1855 Thomas Addison na Landan ya bayyana wani ƙarancin jini mai kisa, ya kira shi idiyofatik. A 1926 Minot da Murphy a Boston suka ga masu shi suna farfaɗowa idan aka ciyar da su hanta mai yawa. A 1948 aka ware sinadarin da ke cikin hantar, bitamin B12. Yau allura ce. Wata cutar kuma, mai cinye ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zuba, ta daɗe da wannan laƙabi, har wani matashin likita a Amurka, William Harrington, ya sa aka ɗura masa jinin mai cutar. Nasa ƙwayoyin suka zube cikin sa'o'i, ya kwanta rai a hannun Allah, ya tashi ya wallafa sakamakon a 1951: wani abu ne a cikin jini ke farautarsu, wato garkuwar jiki ce ta juya wa mai ita. Sai a 2009 masana suka cire kalmar daga sunan cutar a hukumance. Suna yakan daɗe bayan jahilcin da ya haife shi ya kau.

Mu dawo gida. Ƙatuwar saifa da ba a san dalilinta ba ta daɗe tana cika asibitocin ƙasashe masu zafi. A shekarun 1970, likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, irin su Bryceson da Fleming da Greenwood da Fakunle, suna cikin waɗanda suka tabbatar da cewa kaso mai yawa na masu ita garkuwar jikinsu ce ke wuce gona da iri wajen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro na shekara da shekaru. A 1981 Fakunle ya tsara ƙa'idojin gane ta, a 1983 aka sauya mata suna zuwa mai ambaton zazzaɓin. Maganinta shi ne maganin zazzaɓi na dogon lokaci, saifar ta koma.

Labarin zuciyar masu jego bai ƙare haka ba, kuma shi ya fi koyar da ni. Mace ta haihu lafiya, bayan makonni ta fara haki, ƙafafu su kumbura, tari ya hana ta kwanciya. Davidson da Parry sun bi mata 224 masu wannan ciwo a Zariya, suka wallafa a 1978. Yawansa ya kai kusan ɗaya cikin haihuwa ɗari, abin da ba a saba gani ba a duniya. Suka ɗora alhakin a kan al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa mai cika jiki da gishiri. Bayanin ya zauna daram, har ya shiga littattafan koyar da likitoci, aka yi shekaru ana yi wa kakanni faɗa. Sai dai a 1992 Cénac da abokan aikinsa a Yamai suka nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya da dama bai sami alaƙa mai ƙarfi tsakanin ciwon da al'adun jegon ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne rama, da rashin karatu, da hawan jinin goyon ciki. Har yau ma'anar da likitocin zuciya na Turai suka ba wannan ciwo a 2010 tana ɗauke da kalmar idiyofatik. Darasin a nan mai ɗaci ne: gaggawar cike gurbi da sanadin da ya yi daidai da zatonmu tana iya tsayar da cigiya, kamar yadda rashin bincike ke tsayar da ita.

Sharaɗin kalmar

Ba a ba cuta wannan suna sai an kore sauran. Mafi bayyanar misali shi ne “zazzaɓin da ba a san asalinsa ba”. Petersdorf da Beeson, da suka tsara ma'anarsa a 1961, sun gindaya sharuɗɗa uku: zafin jiki ya haura digiri 38.3 a lokuta da dama, ya wuce mako uku, kuma a yi mako guda ana bincike a asibiti ba a gano ba. Wanda bai cika na ukun ba, zazzaɓinsa wanda ba a bincika ba ne kawai.

A auna farfaɗiya da wannan ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ita sun kai miliyan 50, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma kusan rabinsu ba a san sanadin tasu ba. Amma yaron da ke faɗuwa a ƙauyen Zurmi, wa ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa? Wa ya tambayi uwarsa ko ta yi doguwar naƙuda, ko zazzaɓi ya taɓa hau masa kai, ko ya yi sanƙarau yana jariri, ko ana niƙa dutsen zinariya a gidansu? Kowanne cikin waɗannan sanadi ne sananne, kuma ana iya kare shi. Rubuta idiyofatik a katin wannan yaro aron rigar da ba tasa ba ce.

Anka da Bukkuyum, 2010

A farkon 2010 yara suka riƙa mutuwa a Dareta da 'Yargalma da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da amai da jijjiga da suma. Alamun sun yi kama da zazzaɓin da ya hau kai ko sanƙarau, aka ba da magungunansu, ba su yi ba. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, da suka shiga yankin suna sa ido kan sanƙarau, suka lura da yawan sababbin kaburburan yara. Aka ɗebi jini aka aika Turai, sakamako ya dawo: gubar dalma. Farashin zinariya ya tashi, mutane suna kawo dutse gida suna daka shi a turmi suna niƙa shi a injin niƙa, dutsen kuma cike yake da dalma, ƙurarsa tana sauka inda yara ke rarrafe. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta shiga ya gano cewa a ƙauyuka biyu kaɗai, yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu cikin shekara guda, ɗaya cikin huɗu ke nan. Jimillar waɗanda suka rasu ta haura 400. Ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyen Bagega ba sai a 2013.

Ɗan'adam ya san gubar dalma tun zamanin Rumawa. Abin da ya raba “baƙuwar cuta” da sunanta na gaskiya a Dareta kwalbar jini ce da wanda zai kai ta inda za a auna.

Zurmi, 2016

Annobar sanƙarau ta 2016 zuwa 2017 an bi sawun farkonta zuwa ƙaramar hukumar Zurmi a watan Disamba na 2016, amma sai a tsakiyar Fabrairu labari ya isa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Abuja. Nau'in C ne, wanda rigakafin nau'in A da aka yi wa Arewa a shekarun baya ba ya karewa. Zuwa watan Yuni an lissafa mutum 14,518 da ake zaton sun kamu, 1,166 sun rasu. Adadin da nake so mu riƙe shi ne wannan: 1,339 kaɗai aka auna samfurinsu a ɗakin gwaji, ƙasa da ɗaya cikin goma.

Gurbin da gwaji ya bari ba ya zama fanko. A watan Afrilu na 2017 gwamnan jihar na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya danganta annobar da zunuban jama'a, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani a bainar jama'a. Ba siyasar ce ta dame ni a nan ba. Abin lura shi ne, a lokacin da ake wannan taƙaddama an riga an san ƙwayar, an san nau'inta, akwai kuma rigakafinta.

Yadda mu muke faɗa

Bahaushe yana da nasa rabon. Akwai ciwon Allah, wanda ya zo haka nan, ba hannun kowa. Akwai na sammu, na iska, na maita, na baki. In aka duba da kyau, “ciwon Allah” shi ya fi kusa da idiyofatik, domin dukansu biyu ana isa gare su ne bayan an kore wasu, kuma dukansu ba sa hana neman magani. Matsalar ita ce ba shi mai jinya ke ji ba idan likita ya ce “ba mu ga komai ba”. Abin da yake ji shi ne: na'urar Bature ba ta gani, ashe na ɓoye ne. Daga nan sai zargi ya fara yawo a gida, ya sauka kan kishiya ko wata tsohuwa a unguwa.

Murray Last, wanda ya zauna a ƙauyukan Malumfashi, ya wallafa wata maƙala a 1981 a kan muhimmancin nazarin rashin sani shi kansa. Ya lura cewa mutane da yawa ba su san sanadin ciwonsu ba kuma ba su matsa sai sun sani ba. Sauƙi suke nema, ko daga wa zai zo. Ina ganin ya yi gaskiya, amma zan ƙara abu ɗaya. Mutumin da sanin sanadi zai ci masa buhu biyar na gero da tafiya a hanyar da 'yan bindiga ke tarewa, rashin matsawarsa lissafi ne. Kada mu mayar da talauci da rashin tsaro al'ada.

Don haka nake ba da shawarar a daina fassara kalmar da “ba mu ga komai ba”. A ce: “Ciwon na asibiti ne. Mun auna kaza da kaza, ba su ba ne. Ba mu kai ga sanadinsa ba tukuna, amma ga maganin da zai rage shi, ku dawo ranar kaza.” A kati kuma a rarrabe hali uku da yanzu ake cusa su a kalma ɗaya: an bincika iyakar ilimin yau ba a gano ba, an bincika iyakar kayan aikin wannan asibiti, ba a bincika ba. Na farkon ne kaɗai ya cancanci sunan Girkancin. Sauran biyun bashi ne a wuyan hukuma, kuma in ba a rubuta su da sunansu ba, ba za su taɓa shiga kasafin kuɗi ba.

Isa da Shinkafi, 2024

A watan Maris na 2024 ma'aikatar lafiya ta Sakkwato ta sanar da NCDC wata cuta a ƙaramar hukumar Isa, maƙwabciyar Shinkafi: ciki ya cika da ruwa cikin ɗan lokaci, ga zazzaɓi da amai da rama, yawanci a yara 'yan shekara 4 zuwa 13. A farkon Afrilu shugaban hukumar, Dakta Jide Idris, ya ce an sami mutum 164 da ake zato, huɗu sun rasu, kuma an ga irinta a 2023 ba tare da an tabbatar da ko mece ce ba. Ba a jima ba aka sami masu ita a Sabon Birni da Shinkafi. Gwajin farko ya nuna dalma da kuromiyam a jinin wasu daga cikin yaran, jaridu suka cika da “baƙuwar cuta”.

Zaton ƙarafa masu guba yana da hujja a yankin da ake haƙar ma'adinai. Amma labarin kunun kanwa ya isa ya hana mu tsayawa a kan zaton farko. Ruwa a ciki alama ce da ke yawan nuna hanta, kuma duniya ta ga annobar irin wannan siffa daga wata ƙofar. A gundumar Gulran ta Afganistan, a tsakiyar shekarun 1970, 'ya'yan wata ciyawa ne suka gauraya da alkama a shekarun fari suka toshe jijiyoyin hantar mutane. A arewa maso yammacin Tigray ta Habasha, cutar da ta ɓulla a farkon shekarun 2000 ta yi shekaru ana kiranta “ciwon hantar da ba a gane ba”, kafin a danganta ta da gubar wata ciyawa da ke shiga hatsi a gona. Ban ce abin da ya sami yaran Isa da Shinkafi ke nan ba. Na ce tambaya ce da ba ta amsuwa sai an ɗebi samfur a kan kari, domin gero yana ƙarewa, rijiya tana sauya ruwa da damina, jiƙon da aka ba yaro an zubar.

Wannan aiki bai fi ƙarfin yankin ba. Babban asibitin Ƙauran Namoda da na Shinkafi da na Zurmi kowanne yana iya ajiye firji mai aiki da hasken rana, da kwalaben ɗibar jini marasa gurɓata, da ƙaramar na'urar auna dalma irin wadda aka yi aiki da ita a Anka. Duk ƙauyen da yara uku ko huɗu suka zo da alama iri ɗaya, a ɗebi jini da fitsari, a ɗebi ruwan rijiya da ƙasar tsakar gida, a karɓi mudu ɗaya daga rumbun gidan da ragowar maganin gargajiyan da aka sha, a rubuta rana da wuri. A tambayi uwar gida kuma ko hatsin na gonarsu ne ko na saye, in na saye ne daga wace kasuwa, domin buhun da aka auna a Kasuwar Daji ko Shinkafi yana iya ƙarewa a tukunyar gari goma.